SSD yana bayyana yana ɓacewa tun bayan yankewar wuta: in amince da abin da Windows ke nema?

Ɗan Adar, daga Tawa:

Assalamu alaikum. Ina gaida jama'ar wannan zaure baki ɗaya, musamman waɗanda Allah ya ba sanin cikin kwamfuta, domin yau kwana huɗu ke nan ina fama da wata matsala da ta fi ƙarfina.

Ni nake riƙe da lissafin wata ƙungiyar ƴan kasuwar albasa a nan Tawa. Kowane buhu da aka ɗauko daga gonakin Galmi da kewaye, da sunan manomin da aka karɓa a hannunsa, da kuɗin kafin alƙalami da aka ba shi, da motar da ta yi lodinsa zuwa Gana ko Kwadibuwa, duk a kwamfutar ofis nake shigar da su. Kwamfutar ta tebur ce, kuma Windows 10 na Faransanci yana kan tsohon diskinta mai juyawa. Wata takwas da suka wuce na yi saƙo aka kawo mini SSD, wato diskin ajiyar bayanai wanda ba ya juyawa, mai giga 480 daga Yamai, irin shimfiɗaɗɗen nan da bai wuce tafin hannu ba, wanda ake haɗawa da wayar SATA. Na kwashe dosiyoyin lissafi gaba ɗaya na mayar a kansa, Windows ya ba shi harafin E, kuma tun daga ranar bai taɓa ba ni wahala ba.

Ranar Talata da la'asar, ina tsakar shigar da lissafin mota biyu, wuta ta yanke, ta dawo, ta sake yankewa, duk cikin abin da bai kai minti guda ba. Ba mu da na'urar riƙe wuta, saboda haka kwamfutar ta mutu, ta fara tashi, ta sake mutuwa. Da wuta ta zauna na kunna, Windows ya tashi lafiya lau, amma harafin E babu shi. Na shiga wurin da ake kira Gestion des disques, sai wani ɗan akwati ya fito yana neman in yi Initialiser le disque, in zaɓi tsarin rabon diski, MBR ko GPT. Gabana ya faɗi, na rufe shi ban zaɓi komai ba. A jerin da ke ƙasa kuwa diskin yana nan da jar alama, an rubuta masa Inconnu da Non initialisé.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba kullum yake haka ba. Na ƙirga da kaina: cikin kunnawa goma, BIOS, wato tsarin da ke duba kayan kwamfuta kafin Windows ya tashi, ya ga SSD ɗin sau shida, sau huɗu kuma wurinsa wayam. Da safiyar Alhamis ma harafin E ya dawo don kansa, na ga dosiyoyina ƙuru-ƙuru, na fara kwafa zuwa kilen USB, amma da aka kai kusan kashi ɗaya cikin uku sai aikin ya tsaya cak, jim kaɗan diskin ya sake ɓacewa. Wani mai gyara da na kira ya duba na minti biyar, ya ce in amince da abin da Windows ke nema in yi masa fomate, zai koma kamar sabo. Na ce to lissafin fa? Ya ce ai wannan ya riga ya tafi. Kwafin ƙarshe da nake da shi ya yi wata biyu, ga shi kuwa kakar albasa muke ciki, kusan rabin bashin da ke tsakaninmu da manoma a cikin watanni biyun nan aka ƙulla shi.

Shin diskin ne ya lalace, ko kwamfutar ce take da ciwo? Akwai abin da zan iya yi da hannuna a nan, ko dole in kama hanyar Yamai mai nisan fiye da kilomita 500? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyara, daga Wadata, Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Adar. Allah ya kiyaye gaba. Rufe akwatin nan da ka yi ba tare da ka zaɓi komai ba shi ne ya bar mana abin da za mu tattauna a kai, don haka duk lokacin da ya sake fitowa ka sake rufe shi.

Ga dalili. A farkon kowane diski akwai ɗan wurin da aka rubuta yadda aka raba shi, ina rabo ya fara, ina ya ƙare. Idan Windows ya nemi karanta wannan wuri bai samu amsa ba, ko ya samu shirme, sai ya ɗauka sabon diski ne da aka fiddo daga kwali, ya nemi izinin rubuta masa sabon tsarin rabo wanda babu komai a cikinsa. Wannan kaɗai ana iya warware shi, amma fomate da ke biyo baya shi ne yanka. A tsohon diski mai juyawa, abin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa, shi ya sa muke iya tono shi. A SSD kuwa Windows yana aika wani umarni mai suna TRIM, wanda ke shaida wa diskin cewa waɗannan gurabe ba a bukatar abin da ke cikinsu, shi kuma sai ya share su a lokacin da ya ga dama, daga nan babu manhajar da za ta dawo da su. Shawarar abokin sana'ata daidai take ga diski sabo fil, amma ba ga naka ba, kuma cewa da ya yi lissafin ya tafi, abin da ka gani da idonka ranar Alhamis ya ƙaryata shi.

Abu mafi muhimmanci a bayaninka shi ne ƙirgar da ka yi a BIOS. BIOS yana duba kayan da ke haɗe da na'ura tun kafin Windows ya farka, saboda haka idan shi ma wani lokaci ba ya ganin diskin, to Windows ba shi da laifi, kuma sake shigar da shi ko neman wasu direbobi, wato ƴan manhajojin da Windows ke sarrafa kayan na'ura da su, ɓata lokaci ne. A abin da nake gani a rumfata, diskin da yake zuwa yana komawa irin haka, mafi yawa matsalar waya ce ko ta wutar da ke ciyar da shi.

Ka cire kwamfutar daga soket, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki. Za ka ga wayoyi biyu a bakin SSD ɗin. Ƙaramar mai haƙora 7 ita ke ɗaukar bayanai zuwa uwar allo, wadda muke kira kart-mer, mai faɗin kuma mai haƙora 15 ita ke kawo wuta, volt 5 ne abincin irin wannan diski. Ka sauya ƙaramar da wata, in son samu ne mai ɗan maƙalin ƙarfe da yake cewa ƙas idan ta shiga, kuma ka soka ta a wata kafar SATA daban. Sannan ka bi mai faɗin da ido har inda ta fito. Idan kai tsaye ta taso daga akwatin wutar kwamfuta, madalla. Idan kuwa an yi mata ƙari ne da ɗan guntun nan da ke juya tsohon farin kai mai ƙafa huɗu zuwa SATA, to shi nake fara zargi, domin masu arha daga cikinsu suna sakin jiki, wasu har narkewa suke yi. Kan wayar SATA ma ba a ƙera shi don yawan cirewa da mayarwa ba, abin da ƙa'idarsa ta lamunce kimanin sau 50 ne, ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Wani abin da nake yawan tararwa shi ne, tsofaffin akwatuna ba su da mazaunin ƙaramin diski, sai wanda ya haɗa ya bar shi yana reto a jikin wayoyinsa.

Yayin da kake cikin BIOS ka dubi kwanan wata. Idan ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya ƙare, kuma saituna suna komawa na asali duk sa'ad da wuta ta yanke. Amma kada ka taɓa saitin da aka rubuta AHCI ko IDE ko RAID don gwaji, domin Windows ɗin da ke kan tsohon diski yana iya ƙin tashi, ka wayi gari da ciwo biyu.

Idan kana son shaida a rubuce, ka buɗe Observateur d'événements, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru da na'ura, sashen Système. Lamba 157 tana nufin diskin ya fice ba sallama, 153 tana nufin an sake maimaita karatu ko rubutu da ya gaza, 129 kuma an tilasta wa kafar ta sake farawa. Ka gaya mana abin da ka samu.

Malamar Infomatik, daga Yamai:

Barka da war haka, Malam Ɗan Adar. Na yarda da duk abin da Malam Mai Gyara ya faɗa game da fomate, kuma mai yiwuwa ne waya ce, sai dai ina da ja a kan abu guda. Wayar nan wata takwas tana aiki, kuma matsalar ba ta tashi farawa ba sai a cikin mintin da wuta ta yanke sau biyu ana tsakar rubutu. Bai kamata a kau da kai daga wannan ba.

SSD ba ya ajiye bayani a wuri guda tabbatacce kamar yadda ake jera buhuna a sito. A cikinsa akwai wata ƴar ƙwaƙwalwa mai sarrafa shi, wadda take yawo da bayanai daga gurbi zuwa gurbi domin kada wani sashe ya riga wani tsufa, tana kuma riƙe da taswirar da ke nuna inda kowane abu ya koma. Wani ɓangare na taswirar yana zaune ne a ma'ajiyar wucin gadi da ke mantuwa da zarar wuta ta ɗauke. Diskin manyan saba, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, ana sa musu ƴan na'urorin da ke riƙe wuta na ƙiftawar ido domin su ƙarasa rubuta ta, amma irin waɗanda muke saye a kasuwa galibinsu ba su da wannan gata. Idan wuta ta yanke a mummunan lokaci, diskin yakan tashi yana ƙoƙarin sake gina taswirarsa, kuma yana iya jinkirin amsa kiran BIOS har BIOS ya gaji ya wuce. Kai kuma da ka ga bai fito ba sai ka kashe ka sake kunnawa, ka katse masa aikin, ya koma farko.

Saboda haka a karo na gaba da BIOS ya gan shi, ka karanta sunan da ya bayar da girman da ya nuna. Idan sunansa na gaskiya ne da giga 480, wanda Windows ke nunawa a matsayin 447 saboda bambancin yadda ake ƙirga, to da sauran numfashi. Idan wani baƙon suna ya fito ko girman ya zama abin dariya, ƙwaƙwalwar ce ta rikice. An san wannan tun tuni: a 2011 diskin Intel samfurin 320 sun riƙa komawa mega 8 kacal bayan yankewar wuta har sai da kamfanin ya fitar da gyara, kuma diski masu arha da yawa da ke ɗauke da wata ƙwaƙwalwa ta kamfanin Phison sukan sauya suna su koma SATAFIRM S11 idan ta faɗi. Wanda ya ga irin haka ya tsaya, aikin ya wuce na gida.

Akwai wata dabara da kamfanin Crucial ya daɗe yana ba masu diskinsa, kuma ba ta rubuta komai a kan bayananka. A cire wayar bayanai, a bar ta wuta kaɗai, a kunna kwamfuta a ƙyale ta minti 20, a kashe a cire diskin na daƙiƙa 30, a sake maimaitawa, sannan a mayar da wayar bayanai. Manufar ita ce a ba shi wuta da natsuwa ba tare da kowa yana tambayarsa komai ba. Ka zaɓi lokacin da wutar unguwarku ta fi zama, ko ka yi a inda ake da batir da hasken rana.

Babbar shawarata ita ce ka shirya wurin saukar kaya kafin ka sake kunna shi, domin ba ka san ko sau nawa ya rage masa ya amsa ba. Ranar Alhamis ka kama kwafar komai a jere, wataƙila har da hotuna da bidiyo, alhali takardun lissafi ba su da nauyi. Wannan karon ka fara da su, na watanni biyun nan tukuna. In da hali, ka tashi kwamfutar da Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, daga kilen USB maimakon Windows, domin ba zai dame ka da neman Initialiser ba, kuma ana iya sa masa manhajar ddrescue, abin da ke ɗaukar hoton diski, wato kwafinsa sukutum, ya tsallake inda ya ƙi karantuwa, ya ci gaba daga inda ya tsaya idan diskin ya ɓace. Wannan yana bukatar wani diski da ke da fili fiye da giga 480. Idan tsarin rabon ya lalace da gaske, a kan hoton ake gwada TestDisk, manhajar da ke dawo da tsarin rabo, ba a kan diskin ba. Kada kuma ka bar chkdsk, mai duba diski da gyara shi a Windows, ya taɓa shi yanzu, domin gyaransa rubutu ne, kuma rubutu a kan diskin da ke yankewa ƙarin ɓarna ne.

Ɗan Katako, daga Yamai:

Sallama ga kowa. Ni tambayata ita ce, Malam, a kwalinsa aka kawo maka shi, kuma nawa aka saya? Ina faɗin haka ne domin akwai na jabu da ke yawo, an rubuta musu babban girma a jiki, kwamfuta ma ta nuna hakan, alhali abin da ke ciki bai kai rabi ba. Suna aiki lafiya wata da watanni, sai ranar da kaya suka wuce ainihin cikinsu fayiloli su fara lalacewa. Akwai ƴar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, tana cika filin da ya rage da bayanai ta sake karanta su, nan take asiri ke tonuwa. Amma sai bayan ka kwashe lissafinka.

Ɗan Adar, daga Tawa:

Alhamdu lillahi. Malam Mai Gyara, Malama, da ɗan uwa na Katako, Allah ya biya ku. Ga yadda aka yi.

Jiya Asabar na kira ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar nan ta Tawa, ya zo da kilen Ubuntu da diskinsa na waje. Da muka buɗe akwatin, sai ga SSD ɗin an ɗaure shi da baƙar roba a jikin ƙarfe, robar ta tsinke saboda zafi, yana rataye a kan wayoyinsa kamar yadda Malam ya kwatanta. Wutarsa kuwa ta wannan guntun ƙarin take bi. Farin kan ya yi launin ƙasa a gefen jar waya, da na kai shi hanci na ji ƙaurin roba, ƙafar jar wayar kuma tana motsi idan aka taɓa ta. Muka cire shi, muka ari wayoyin na'urar DVD duka biyu tunda ba ma amfani da ita, ƙaramar tana da maƙalin ƙarfe. Duk da haka na bi maganar Malama, muka ba shi wuta kaɗai minti 20 sau biyu, muna shan shayi muna kallon agogo.

BIOS ya nuna sunansa daidai da giga 480. A Ubuntu dosiyoyin suka buɗe, muka fara da lissafi, ashe dukansa bai cika giga biyu ba, cikin ƴan mintuna ya sauka, sannan muka kwashe sauran. Fayil guda ne ya ƙi buɗewa, wanda nake aiki a kansa ranar Talata, shi kuma takardun lodin motocin suna hannuna, zan sake shigar da su. Daga jiya zuwa yau na kunna sau goma sha biyu, bai ɓace ko sau ɗaya ba, harafin E ma ya dawo. A Observateur na tarar da lamba 157 da 153 jere-jere tun daga Talata. Yaron ya sa mini CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar diski, lafiyar diskin ta nuna shuɗi, wato lafiya lau, amma ya ce layin C7 bai kwanta masa ba, an rubuta 2F1 a ƙarshensa. A kwalinsa aka kawo shi, jikka ashirin da biyar. Shin in ci gaba da ɗora masa lissafi, ko in nemi wani?

Mai Gyara, daga Wadata, Yamai:

Madalla, Malam, mun taya ka murna. Guntun nan mai ƙauri ka fasa shi ka jefar, kada wani ya tsince shi ya sa a wata na'urar. Ba za mu iya rabe ko wayoyin ne suka warkar da shi ko minti 20 ɗin Malama ba, tunda a zama ɗaya kuka yi su, kuma ina kyautata zaton yankewar wutar ce ta ƙarasa kan da ya riga ya yi laushi.

Layin C7 yana ƙirga sau nawa bayani ya gurɓace a hanya tsakanin diski da uwar allo, ba a cikin diskin ba, wato shaida ce a kan tsohuwar wayar. Manhajar tana rubuta adadin da ƙirgar sha shida, saboda haka 2F1 yana nufin 753. Wannan adadi ba ya komawa sifili ko an sauya waya, abin dubawa shi ne ko yana ƙaruwa. Maganar Ɗan Katako tana da amfani, ko da yake na jabu ba ya ɓacewa daga BIOS, fayiloli yake ci. Tunda kaya sun sauka, babu laifi ka gwada H2testw da dare, kuma yanzu kana iya barin chkdsk ya daidaita abin da yankewar ta hargitsa.

Ka ɗaure diskin da kusoshi ko da guda biyu ne, inda iskar fanka ke bugunsa, domin zafin watan Afrilu da Mayu a Tawa ba ya barin roba. Ka kuma gaya wa shugabannin ƙungiya su sayi ondilar, wato na'urar riƙe wuta, ko ƙarami ne, wanda zai ba ka ƴan mintunan adana aiki da kashe na'ura, kuma a riƙa gwada batirinsa domin zafi yana saurin cinye shi. Lissafin kuwa, kowace yamma kafin ka rufe ofis ka sauke shi a kile, ka tafi da kilen gida. Ka rubuta 2F1 a takarda ka manna a jikin akwatin, ranar Juma'a mai zuwa ka sake dubawa. Idan yana nan yadda yake kuma lamba 157 ba ta sake fitowa ba, ka ci gaba da aiki da shi. Idan ya motsa, ka sauya kafar SATA ka faɗa mana sabon adadin.